A Tayar da Ita, Ban da Fita

Gembu, farkon damina

Safiyatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da gida da maƙwabta, har da Oga Thaddeus da janaretansa. Ni ma lafiya, sai sanyi. Garin nan a kan dutse yake, girgije yana shigowa ofis babu sallama ya kwanta a kan fayil. Fayilolin ma ba su da yawa, na karance su duka har na gyara musu waƙafi. Kin san gyaran waƙafi ne ya kawo ni nan. Da na bar takardar Darakta yadda ya rubuto ta, da yanzu ina hedikwata a Abuja ina shan iskar na'ura, ina dawowa gida kullum in ci tuwonki.

Waya ba ta da amfani a nan. Sai na hau tudun bayan ofis sabis yake leƙowa, ya ba ni rabin kalma ya koma. Saboda haka zan riƙa rubuta miki a takarda, in ɗauki hotonta, in tura idan na hau tudun. Ke ma ki yi haka. Takarda ba ta katsewa a tsakiyar magana, kuma ba ta cewa "me ka ce?"

Yanzu batun Dattijuwa, Fijo 406 ɗin da kike cewa na fi sanin tarinta a kan naki. Kullum da safe, kafin ki fita aiki, ki yaye mata tamfol. Ki buɗe bonet, ki zaro sandar gwajin baƙin mai, ki goge ta, ki mayar, ki sake zarowa. Na biyun shi ne gaskiya, na farkon shaidar zur ne. Ki duba ruwan lagireto tun injin yana da sanyi. Ki tabbatar giya tana firi, ki murɗa makulli ki jira fitilun gaba su gama gaisawa, sannan ki tayar. Kada ki taka totur. Mutanen Kubwa suna tayar da mota kamar masu korar ɓarawo, su yi ta kwarara mata wuta alhali mai bai gama hawa sama ba, ƙarfe na cin ƙarfe, su kuwa suna jin daɗin ƙara. Ki bar ta tana numfashi a hankali har allurar zafi ta tashi daga kwance, sai ki kashe ta ki rufe.

Maganar da kika yi mini a tasha ina sane da ita, ba wai ƙarar mota ce ta hana ni ji ba. Na san kin je makarantar koyon tuƙi, na ga lasisin, hoton ma ya yi kyau. Amma malaminki a fili ya koya miki, tsakanin tsofaffin tayoyi, kuma taya ba ta zagi, ba ta shan gaban mutum ba tare da sigina ba. Babban titin Kubwa wani abu ne dabam. Sannan kulocin Dattijuwa ba na sabon hannu ba ne, yana da wurin da yake kamawa, kuma ni da shi kaɗai muka san wurin.

Don haka a tayar da ita, ban da fita. Idan na zo hutu zan zauna a gefenki, mu fara daga layinmu.

Ki gaida Rumasa'u in kun yi waya, ki tuna mata karatu muka tura ta jami'a, ba ɗaukar hoto ba. Allah ya sada mu da alheri.

Naki,
Zakariyya

*

Kubwa

Abban Rumasa'u,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, na gode Allah da ka sauka lafiya. Gida lafiya. Rigar sanyinka tana aljihun gefe na akwati, na san ba ka duba ba.

Motarka lafiyarta ƙalau, ina yin duk yadda ka ce. Oga Thaddeus ya ce ya daina saita agogo, da ya ji ta tashi ya san lokacin wanka ya yi. Rannan matarsa tana tsaye ta ga na kashe mota, na ja tamfol na rufe, na ɗauki jaka da lema na kama hanyar titi da ƙafa. Ta ce, "Madam, wannan mota na ado ne?" Na yi dariya na wuce.

Ka bar garin nan kafin abin ya ƙara lalacewa. Tun da mai ya sake tashi bas ta yi wuya. Abin da ya rage shi ne alon, motocin gidan nan da ke tsayawa su kwashi fasinja a hanya. Kafin mota ta gama tsayawa an yi mata caa, mai ƙarfi ya shiga, mai kunya ya jira ta gaba. Na daina sa farin mayafi.

Amma ba wannan ne ya sa na zauna rubutu ba. Ka tuna Sandra ta ofishinmu, wadda ta kawo mana doya da Kirsimeti? Ta shiga mota a Berger bayan an tashi aiki. Akwai mace a gaba, da ledar kayan miya a cinyarta, shi ya sa hankalinta ya kwanta. Ashe 'yan wan cans ne. Suka danne ta, suka kwashe abin da ke asusunta, suka turo ta waje mota tana tafiya. Tana asibiti, haƙarƙari da gefen fuska. Da na je duba ta sai ta riƙe hannuna ta ce, "Safiya, kai da kana da mota a gida, me kana nema a titi?"

Kai ka iya magana, ka aiko mini da amsar in kai mata.

Ba biki nake so in je da ita ba, ba kasuwa ba. Ofis da gida kawai. Zan bi layin gefe, in tafi a hankali, mai kuma ni zan riƙa zubawa. Ina roƙonka ka bar ni in fita da ita.

Allah ya tsare, ya dawo da kai lafiya.

Matarka,
Safiyatu

*

Gembu

Safiyatu,

Aminci ya tabbata a gare ki. Na samu rigar, tana inda kika ce, kuma na ji haushin hakan kaɗan.

Labarin Sandra ya tayar mini da hankali. Ki gaishe ta, ki ce ina yi mata fatan samun sauƙi. Ke kuma ki kiyaye. Kada ki shiga mota mai baƙin gilashi. Kafin ki zauna ki taɓa hannun ƙofa na ciki ki ji yana aiki. In kika ga fasinjoji sun cika shiru, ko sun cika fara'a, ki bar su su tafi. Babbar bas ta fi, ko da za ki makara. Makara ba ta taɓa karya haƙarƙarin kowa ba.

Amsar da za ki kai wa Sandra kuwa ita ce, ɓarayin titi aƙalla sai an shiga motarsu. Direban tifa shi yake zuwa ya same ki a taki. Kin ce za ki bi layin gefe a hankali. A Abuja mai tafiya a hankali shi ake fara taka wa baya, sannan a fito a tambaye shi wa ya ba shi mota.

Bari kuma in gaya miki abin da ban faɗa a tasha ba. A garin nan naku an ɗauke teburina an ba yaron da ni na koya wa yadda ake buɗe takardar ofis. An ɗauke inuwar da nake ajiye mota an ba wani mai jif. Masinjan da ke rugowa ya karɓi jakata, ranar da zan tafi waya yake dannawa. Shekarun da na yi ina ƙunshe ciki kafin motar nan ta shigo gidanmu, ke shaida ce. Ita kaɗai ce a Abuja ba wanda ya isa ya sa hannu a takarda ya canja mini ita. Ki bar mini wannan.

Sai dai takardarki ta tuna mini wani abu, kuma na gode. Tayarwar safe kaɗai ba ta isar mota. Injin da ba ya tafiya ba ya yin zafin da zai ƙone gumin da ke taruwa a cikinsa. Ruwa ya kwanta a salansa, batir ya ba da wuta ba a mayar masa ba, burki ya yi tsatsa, taya ta gaji da tsayuwa a gefe ɗaya. Mota kamar ma'aikacin gwamnati take, in aka bar ta tana zuwa ofis ba aiki, a zaune za ta lalace. Ina magana ne da sanin ido.

Saboda haka na aika wa ƙanena Musbahu. Zai riƙa zuwa daga Mararaba ƙarshen mako ya ɗauke ta, ya hau babban titi ya miƙe mata ƙafa. Na san ra'ayinki a kansa, amma a bayan sitiyari ya girma, kuma yanzu ba ya komai. Ki ba shi makulli da takardun mota. Na safe kuma yana nan a wuyanki.

Ki huta lafiya. Ina kewar miyar kukarki, a nan kowane abu shayi ne.

Naki,
Zakariyya

*

Kubwa

Abban Rumasa'u,

Salamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Na daɗe ban rubuto ba, don ina jira in ga inda abin zai tsaya.

Musbahu ya zo kamar yadda ka ce. Makon farko ya dawo da ita da yamma. Na biyu ta kwana. Na uku ya ce yana jin wata ƙara a ƙasa, sai bakanikensa ya duba. Daga nan ban sake ganin ta ba. In na kira shi sai ya ce, "Anti, kwantar da hankalinki, ni da Yaya mun yi magana." Na huta da yaye tamfol, na riƙa fita da wuri.

Ranar Litinin aka tashi da ruwa. Muna tsaye a bakin titi kamar kaji, sai ga mota ta tsaya, direba yana ihu ta taga, "Berger, Sakatariya! Saura mutum ɗaya!" Lema ta rufe mini ido, ban duba baƙin gilashi ba, ban taɓa hannun ƙofa ba, ka yafe mini. Na ture wani, wani ya ture ni, na faɗa baya na zama ta huɗu.

Sai da na zauna na ji ƙanshin turarenka a ƙarƙashin warin kifi. Na ga rigar kujerar da na kai wa tela da kaina. Ƙamus ɗinka yana nan a aljihun kujera, wani ya jingina jiƙaƙƙiyar lema a kansa. Na ɗaga kai muka haɗa ido da direba a madubi.

Ya ce, "Anti! La ilaha illallahu. Ke ce?"

Na ce, "Ni ce, direba. Tuƙa."

Na gaba ya ce, "Oga direba, in gaisuwa ce ku yi a hanya, mun makara."

Ban san na sandare ba sai da matar da ke kusa da ni ta zungure ni da gwiwar hannu. Ta ce, "Madam, ki matsa mana, ai ba motar mijinki ba ce."

Na matsa.

Har muka isa Sakatariya Musbahu bai sake kallon madubi ba. Kowa ya miƙa kuɗinsa, ni ma na miƙa nawa. Ya ce, "Haba Anti, don girman Allah, kada ki yi mini haka." Na ajiye masa a cinya. Na zagayo ta ƙofarsa na ce ya sauka. Ya fara dariyar nan tasa, wai matar Yaya ta zama 'yar sanda. Na ce, "Musbahu, yau ba wasa tsakanina da kai. Sauka." Ya sauka. Na shiga na ja kujera gaba, na kai ta wurin ajiye motoci.

Da yamma ni na kawo ta gida. Ta mutu mini sau ɗaya a hawan gada, na baya suka yi ta ham, wani ya leƙo ya ce in koma kicin. Na ja burkin hannu, na sake tayarwa, na wuce. Wurin da kuloci yake kamawa ba shi da wuyar samu, yana sama kaɗan da tsakiya. Allurar zafi ba ta wuce rabi ba. Na shigo gida ana kiran magariba, kayana a bushe, babu wanda ya taɓa ni. Na zauna a ciki na daɗe ban fito ba.

Baƙin mai ya yi ƙasa sosai, na ƙara irin wanda kake saya. Baya ya ɗan zauna. Na wanke kujerun, na shanya ƙamus.

Ban sake fita da ita ba. Na koma tayarwar safe da bakin titi. Na gaya maka komai da kaina don kada ka ji a wani wuri. Yanzu ka san zan iya. Kalmarka nake jira.

Matarka,
Safiyatu

*

Mararaba

Yaya,

Salam, ina wuni, ya sanyi, ya aiki. Allah ya ƙara girma.

Yaya wallahi ba yadda Anti za ta faɗa maka ba ne. Kai ka ce in riƙa gudu da ita a babban titi, to fuwel fa? Ka san yadda gari yake. Na ga tunda hanya ɗaya ce, bari in ɗauki mutum biyu uku su taimaka. Kowa haka yake yi a Abuja, har manyan oga masu taye. Kuma ni ina lallaɓa ta, ko rami ban taɓa faɗawa ba.

Amma ni abin da ya dame ni ba wannan ba ne. A gaban jama'a Anti ta ce in sauka, kamar wani yaron mota. Masu gadi suna ta dariya, ɗaya har yana cewa madam ta kori direbanta. Ni ƙaninka ne fa, Yaya. Sannan abokina Silas ya gan ta da yamma a titin Kubwa, ya rantse ta wuce tirela. Tirela, Yaya!

Ni dai na faɗa maka, kar gobe kuloci ya ƙone a ce Musbahu ne. A yi haƙuri da ni.

Ƙaninka,
Musbahu

*

Gembu

Safiyatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki da ta Musbahu tare suka shigo, ina tsaye a kan tudu cikin yayyafi. Na karanta taki, na karanta tasa, na sake karanta taki. Wani makiyayi ya tsaya ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Musbahu sakarai ne tun yana rarrafe, zan yi maganinsa. Mutum huɗu a baya! Shakazoba ba ta da bakin kai ƙara, shi ya sa.

Amma shi aƙalla da izinina ya riƙe makulli. Na bi takardarki layi layi ina neman inda kika ce kin nemi jin ta bakina kafin ki zauna a kujerar, ban gani ba. Za ki ce babu sabis. To, da sai ki kulle ta a Sakatariya ki rubuto. Mota ba ta narkewa a ruwa. Maimakon haka kin sauke ƙanena a gaban masu gadi, a ginin da rabin mutanensa suka san fuskata da lambar motata. Yanzu masu teburina sun samu abin shan shayi: an cilla Zakariyya bayan duniya, ƙaninsa yana alon da motarsa, matarsa tana ƙwace a titi. Ko ni aka ba wannan labarin ba zan gyara masa waƙafi ba.

Ina taya ki murnar gano wurin kuloci. Kin gano shi a hawan gada, da motoci a bayanki, wanda yake nufin kin tsaya a kansa kina ƙona shi. Ba ki ji wani wari kamar na gashi ba? Batun tirela kuwa ba zan tambaye ki ba, don ba na son amsar. Tun da na karanta, da na rufe ido sai in ga tayoyinta. Kina ganin mota kaɗai nake ji. Ba haka ba ne, amma na gaji da bayani.

Matar da ta zungure ki ta yi rashin ladabi, kuma ta yi kuskure. Motar mijinki ce. Ki lura da kalmar da kyau, Safiyatu, kalma ce mai sauƙi. Ta mijinki.

Kin ce kalmata kike jira. Ga ta, ba ta canja ba. Na aika wa Oga Thaddeus, mutum ne mai natsuwa, ya yarda zai riƙa zagayawa da ita ranar Lahadi bayan ya dawo coci. Ki ba shi makulli ranar, ki karɓa in ya dawo. Ki gaya masa ya saurari baya in ya hau kwalta mai gargada. Na safe yana nan yadda yake, kuma ki riƙa duba ƙasanta ko mai yana ɗiga.

Hutuna sai bayan damina, in Darakta ya tuna ina da rai. A lokacin sai mu zauna mu yi magana kamar manya.

Allah ya huci zuciyar kowa.

Mijinki,
Zakariyya

*

Garki

Abban Rumasa'u,

Salamu alaikum. Na ga takardarka, na kuma lura da kalmar.

Na tambayi yadda ake ajiye motar da babu mai tayar da ita. An canja mata baƙin mai, na cika tanki, an ƙara wa tayoyi iska. Na sauke burkin hannu na sa duwatsu a bayan taya, na cire kan batir, na rufe ta. An ce a haka za ta jira, ba ta buƙatar kowa. Makullinta da na gida suna wurin Oga Thaddeus.

Ni ina gidan yayata Muhibba a Garki. Motar ofishin mijinta tana sauke ni a bakin Sakatariya. Ta ce in gaya maka kada ka aiko mata da takarda, in kana da magana ka zo da kanka, Kawu Saleh, waliyyina, zai kasance a wurin.

Na gaya wa Rumasa'u. Ta tambaye ni ko saboda mota ne, na ce a'a.

Ka huta lafiya.

Safiyatu